Walƙiya da Motar Katifa

Duk tashar manyan motoci Walƙiya ake ce masa, don kafin sauran direbobi su gama ɗaure kaya shi ya sauke nasa ya dawo. Ba lungun da bai sani ba. Da wani kamfanin katifa ya ɗauke shi aiki, ya zaci jigila zai yi.

Ashe motar ba komai a cikinta. An dai lulluɓe jikinta da hoton wani ƙaton mutum kwance kan katifa, baki buɗe, yana sharar barci. Ranar farko Walƙiya ya zagaye gari kaf, ya dawo shayin manaja ko hucewa bai yi ba.

"Malam, wa ya gan ka?" in ji manaja.

"Ba wanda ya gan ni, ranka ya daɗe," ya amsa yana washe baki.

Manaja ya dafe kai. "Talla ce fa! Inda hanya ta cushe, nan za ka je ka maƙale. So nake mai keke ma ya wuce ka."

Haka Walƙiya ya koma farautar cunkoso, ransa na ƙuna. Rannan ya samu wani mai kyau a bakin kasuwa, rana tsaka. Waɗanda ke bayansa ba su da abin kallo sai mai barcin nan. Hamma ta kama wani direban tasi, ta haye kan fasinjojinsa, ta bi layi har shataletale. Hanya ta buɗe, ba wanda ya motsa. Walƙiya ya sauko, ya tarar da titi guda ana munshari, har ɗan sandan da ke ba da hannu ya jingina da turken lantarki.

Ya bubbuga tagar wata mota. "Baba, tashi mana!"

Dattijon da ke ciki ya buɗe ido ɗaya. "Ɗana, rabona da barci irin wannan tun kafin in yi jikoki. Gobe ina za ka tsaya?"

Kafin a ce haka, labari ya bazu. Masu gadi, masu jego, duk wanda barci ya ƙaurace wa, suka riƙa bin motar da matashin kai. Katifa kuwa ko ɗaya ba a saya ba.

"Barci kyauta kake raba musu!" manaja ya daka masa tsawa. Ya sa aka ɓare hoton, ya ce Walƙiya ya kama gabansa.

Walƙiya ya naɗe hoton ya kai gida, da niyyar rufe ɗakin kaji. Matarsa ta ce, "Maigida, shanya shi a katanga tukuna, warin gam yake yi." Da rana sai ga dattijon nan ya yi sallama, tabarma a hammata, mutane biye da shi.

Yanzu Walƙiya ba ya tuƙi. Yakan zauna a ƙofar gida ya ba hoton baya, yana gadin takalma. Idan lokacin komawa aiki ya yi, matarsa ta fito da murfin tukunya da ludayi ta tashe su, dattijon ya yi miƙa ya ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari, amma ki rage ƙarfin hannu."