Inda Ɗan Farin Saude Yake

Daga Roni maganar ta shigo gidanmu na Kazaure, a bakin Shatu, yayar surukata. Wai an daina wahalar WAEC da NECO. Wai duk yaron da ya gama sakandare a makarantar nan ta intanet, wadda ake karatunta a waya, jami'a tana karɓar takardarsa kai tsaye. Shaidarta kuwa wani yaro ne a ƙasar Gwiwa, Hamma ɗan Haladu, wanda ta ce yanzu haka yana shekarar farko a jami'a, kuma da idonta ta ga matan da suka je wa uwarsa barka.

Da ba don jikata Bahijja ba, da na bar Shatu da zancenta. Bahijja sikila ce. Sau uku aka kwantar da ita a asibiti tana aji biyar, sai ubanta, ɗana na biyu Sama'ilu, ya cire ta daga makarantar kwana ya sa ta a waccan ta intanet. Shekara biyu ta yi tana karatu a kan tabarma, wayar jingine da kofi, kuma ta yi karatun da gaske, don ni nake duba mata Turanci. Harhaɗa magunguna take so ta karanta. Abin da ya rage shi ne ta zauna jarrabawar NECO ta 'yan waje, wato masu yin rajista da kansu ba ta hannun makaranta ba, wadda ake yi a farkon sanyi, kuma ranar Juma'ar makon nan za a rufe rajista. Wanda ya rasa ta sai baɗi.

Ranar Litinin Sama'ilu ya shigo gaishe ni, ya ce ya fasa yi mata rajistar.

"Inna, kin san yadda sanyi yake yi mata. Wata guda tana fita da sassafe tana zama a kan benci. Idan takardar hannunta ta isa, me zai sa in kai ta?"

"Wa ya ce ta isa?"

"Ga yaron Gwiwa nan."

"Ka gan shi?"

"Inna, zamani ya canza. Ba lokacinku ba ne da ake cike fom da biro."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goman ƙarshe ni ce mai cike wa 'yan aji shida fom ɗin jarrabawa, kuma a duk tsawon nan ban taɓa ganin wani sauƙin da ya iso ƙauye kafin ya iso ofis ba. Amma ban yi musu da shi ba. Tsoron da yake ji na san shi, tare muka yi zaman asibitin. Na dai ce ya ba ni zuwa Laraba.

Washegari na hau motar Gwiwa. Daga tasha sai babur, kuma gwiwoyina sun daɗe da daina shiri da babur. Gidan Haladu yana bayan gari, Fulani ne da suka zauna suna noma, shanun sun ragu amma ana jin su. Shi ba ya nan. Matarsa Saude ta shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, ta dama fura da nono mai kauri, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Na zo ne a kan maganar ɗanki Hamma," na ce. "An ce yana jami'a."

Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a ƙwarya.

"Wace jami'ar ce?"

"Yana can dai, Hajiya."

"Can ina?"

"Allah dai ya yi musu albarka duka."

Na sake tambaya ta wata hanyar, ta tashi ta kori kaji daga kan dawar da ta shanya, alhali kajin ba su kusa. A nan na gane. Na ce, "Shi ne na fari?" Ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta ba da labarinsa, kuma a gidan Fulani abin ya fi tsanani. Ni ma haka na yi da nawa. Shekara arba'in da tara ke nan ban kira shi da sunansa ba, kuma sai a kan tabarmar nan na fara tambayar kaina ko akwai wanda hakan ya taɓa amfana. Matan da Shatu ta gani sun zo sun yi barka, uwa ta sunkuyar da kai, su kuma suka tafi suna cewa kunya ce, wadda kuwa ita ce. Da an kore shi da an naɗa shi shugaban ɗalibai, sunkuyawar ɗaya ce.

Na ce, "Akwai goggonsa a kusa?"

Wannan ta amsa da sauri. Ta nuna mini gida na uku.

Rahamatu, yayar Haladu, tsohuwa ce kamar ni, sai dai ta fi ni haƙora. Tana ɓarar gyaɗa na same ta. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta yi dariya har da tari.

"Wata takwas ke nan, Hajiya, ke ce ta farko da ta tako nan. Duk wurin uwar suke zuwa. Ita kuma me za ta ce? Uban ma idan aka yi masa barka a masallaci sai ya ce madalla ya nemi takalminsa."

"To yana ina?"

"Yana Babura, wurin kawunsa mai hatsi. Abin da ya faru a makarantar kuma ban iya faɗarsa daidai ba, da Turanci aka yi. Ki je ki ji daga bakinsa. Kada ki ce za ki kira shi, ya canza layi."

Na dawo Kazaure bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Bahijja ta kawo mini ruwan ɗumi a roba.

"Tsohuwa, ina kika je yawo ba ki tafi da ni ba? Ko wani tsoho kika samu a Gwiwa?"

"Na samu. Ya ce yana neman mai dafa masa tuwo, na ce jikata ba ta iya ba."

"Me aka ce a can?"

"Ban gama ji ba."

Ta dube ni, ta bar maganar. Ban gaya wa Sama'ilu komai ba. Da na ce masa wata tsohuwa ta ce, zai ce ai shi ma wata ce ta ce masa.

Ranar Laraba na hau motar Babura, mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun wani a kan ƙafata. A kasuwar hatsi na tambayi rumfar kawun, aka nuna mini. Wani dogon saurayi yana auna wa wasu mutanen Nijar gero, suna cinikin da sefa. Na jira suka tafi.

"Kai ne Hamma?"

Ya durƙusa ya gaishe ni. Da na ambaci Gwiwa fuskarsa ta canza, ya waiwaya ko wani yana ji. Na ce ba aiko ni aka yi ba, ina da jika mai takarda irin tasa, kuma jibi ake rufe rajista. Ya jawo mini kujera, shi ya zauna a kan buhu.

"Hajiya, na ci JAMB, maki ɗari biyu da talatin da ɗaya. Wurin da ake sa sakamakon sakandare na zaɓi 'ana jira', don a lokacin takardar ba ta fito ba. Da jami'a ta kira mu tantancewa, sai aka ɗauka a gida an ɗauke ni ne. Ni ma haka na ɗauka. Har tasha aka raka ni da akwati."

"Sai me?"

"Sai na miƙa takardar. Matar da ke kan kwamfuta ta juyo mini da ita ta ce in duba da kaina. Akwai gurbin sunan hukumar jarrabawa, da lambar ɗalibi, da shekara. Hukumomin a jere suke, sai dai ka zaɓi ɗaya. Ta ce, 'Nuna mini inda zan sa taka.' Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ni ne na huɗu a makon."

"Ba ka nemi a amince da ita ba?"

Ya shiga cikin rumfar ya fito da wata leda. Takardar kyakkyawa ce, mai kauri, da zanen zinariya a gefe, irin ta Bahijja sak. A bayanta an maƙala wasu guda shida.

"Sati uku na yi ina yawo. Na rubuta wa makarantar, suka aiko mini da jerin darussan da na yi da sa'o'in kowanne. Aka ce in kai ofishin ilimi a buga hatimi, na kai, aka buga cewa an gani. Wani ya ce in samo wasiƙar mai gari, na samo. Na je kotu na yi rantsuwa cewa ni ne na yi karatun. Duk na haɗa na koma."

"Suka ce me?"

"Wani dattijo a ofishin ɗaukar ɗalibai ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai yi shakkar na yi karatu ba. Amma su ba karatu suke tantancewa ba, jarrabawar hukuma suke nema, kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Ya ce makarantar ta koyar da ni, amma ba ta da izinin yi mini wannan jarrabawar. Kuma ya nuna mini, a ƙasan takardar shiga da na sa wa hannu tun farko, sun rubuta hakan da ƙananan haruffa."

Na sa tabarau na duba. Yana nan, layi biyu.

"Me ya hana ka komawa gida ka faɗa?"

"An yanka mini akuya, Hajiya. Baffa ya sani, Inna ta sani. Ba su yi wa kowa ƙarya ba. Na zaci maganar za ta mutu da kanta."

"Ta kai Roni. Ta kai Kazaure. Kai ka yi rajistar NECO ta bana?"

"Na yi tun watan jiya."

Na roƙe shi aron ledar zuwa mako mai zuwa. Ya naɗe ta ya ba ni, ya ce don Allah kada ta bi ta Gwiwa.

A zaure na tarar da Sama'ilu yana jira. Na miƙa masa ledar ban zauna ba, don na san idan na zauna ba zan tashi ba. Ya buɗe takardun yana bin hatiman da yatsa, ya kai kan layi biyun da na ja wa biro a gefe, ya karanta sau biyu.

"Inna, a bari in gaya mata da kaina. A hankali."

"Yaushe?"

Ya mayar da takardun cikin ledar.

"Rigar sanyi da safa da ruwan zafi a filas, wannan aikinka ne," na ce. "Ni zan riƙa raka ta in zauna a bakin ƙofa. In jikin ya ƙi, ya ƙi. Amma ita za ta zaɓa, kuma sai ta ji za ta zaɓa."

Na wuce ciki. Bahijja tana kan tabarma, ta baje littattafanta, ta ɗago tana shirin tsokana, sai ta ga ubanta a bayana da leda a hannu. Ta rufe littafin.

Na ce, "Hamma ba ya jami'a, yana Babura yana auna gero. Jami'a ba ta karɓar takardar makarantarku. Sai kin zauna jarrabawar hukuma, kuma jibi ake rufe rajista."