Tafarnuwa a Madafin Sawitri

Wata bakwai bayan an ƙone gawar Sawitri, miyar dal, wato miyar wake, ta gidan Kailash Dube ta yi daɗi, shi kuwa hankalinsa ya tashi.

Tun rasuwar matar tasa, surukarsa Miridula, matar ɗansa da yake kira Bahu, ke girki, kuma miyarta kullum ɗaya ce: ruwan kurkum, 'yan ƙwayoyi na iyo a ciki kamar sun ɓata hanya. Yau kuwa ya kai loma, sai ga ɗanɗanon da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ci a hannun Sawitri. Dube ya tsufa yana koyar da yaran Kanpur, ya san idan daƙiƙi ya wayi gari ya ci jarrabawa, ba hazaƙa ce ta sauko masa ba.

"Bahu, wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Babuji. Gishiri ne ya yi yawa?"

"Daɗi ne ya yi yawa."

Gidan Dube ba a cin albasa da tafarnuwa, tun kakan kakansa. Ranar da aka kawo Miridula ya faɗa a gaban dangi cewa muddin tafarnuwa ta shiga madafin nan, ya daina cin abincin hannunta, ya koma Banaras wurin ƙanwarsa. Ƙanwar da ke ƙirga wa baƙo gurasa. Lokacin Sawitri na raye, rantsuwa ba ta da tsada.

Ya shinshina kwanon. Man shanu, barkono, da wani abu can ƙasa da ya ƙi faɗin sunansa. Ya tona da cokali bai ga komai ba. Da yamma ya bi kwandon shara da tsinin sandarsa, nan ma babu.

Washegari ya ce zai je karanta jarida a shagon mai shayi, ya buga ƙofa da ƙarfi, ya dawo ta baya ya laɓe jikin tagar madafi. Tukunya ta yi fito sau uku. Miridula ta ɗora ƙaramin ludayin ƙarfe a wuta, ta zuba man shanu na tadka, soyayyen kayan ƙamshin da ake kwarara wa miya a ƙarshe. Sai ta miƙa hannu bayan buhun shinkafa ta ciro tsohon gwangwanin shayi. Tafarnuwa, ƙwaya biyu. Ta daddanne su da gefen wuƙa, ta jefa a mai, ta bari suka yi ja, ta tsame su ta wurgo ta taga.

A kan takalminsa suka faɗo.

"Bahu!"

Ba ta yar da ludayin ba. Ta kwarara man a tukunya, ya yi cuu, ta rufe, sannan ta ja mayafinta ta juyo.

"Ashe jaridar yau gajera ce, Babuji."

"A madafin Sawitri? Matar da ko inuwar albasa ba ta taɓa tsallakawa ba?"

"Gwangwanin Amma ne, marigayiya matarku. Ku duba murfin, rubutunta ne."

Ya karɓa ta taga. An rubuta "maganin tari" da hannun da ya sani, mai karkata hagu.

"A asibiti ta gaya mini. Ta ce ƙwaya biyu, a tsame, a jefar ta tagar nan, tun makon farko na aurenta haka take yi. Ta ce in jira sai kun fara ramewa. Jiya na ga kun ƙara wa bel ɗinku huda."

Dube ya dubi ƙasan tagar. Shekara arba'in da ɗaya yana yi wa maƙwabta gori da tsarkin madafinsa, yana ce musu daɗin miyar albarkar bin ƙa'ida ne.

"In haɗa muku akwatin Banaras, ko in zuba abinci?"

Ya zagayo ya shiga, ya wanke hannu ya zauna. Hoton Sawitri na bango da sarƙar furanninsa, fuskar nan ta mai biyayya. Yau ya lura gefen bakinta ya ɗan ɗaga. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu.

"Ita tana bari ta fi haka soyuwa," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Gwangwani nawa ne a bayan buhun nan?"

"Ku ci abincinku, Babuji. Zai huce."