Sirdin da Na Hora wa Ɗayyabu

Ɗayyabu ɗan gwaggona ne, tela a Soron Ɗinki, kuma tun muna yara bai taɓa ba ni ko ɓarin goro ba sai da dalili. Shi ya sa ranar da ya turo kekensa har marinarmu a Ƙofar Mata, ya ce in riƙa hawa tunda nawa ya lalace, sai da na latsa tayoyin, na gwada birki. Komai lafiya. Sirdin ma sabo fil, na fata, ja, yana ƙyalli. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, wai kada in bi ta unguwarsu, saboda masu baki.

Kafin in kai Jakara na gane dalilin. Sirdin nan dutse ne aka lulluɓe da fata. Da na sauka, tafiya nake kamar wanda aka yi wa kaciya da gemu.

Auwalu mai gyaran keke ne ya ƙarasa mini labarin, yana dariya. Ashe Ɗayyabu ya cika baki a majalisarsu, ya ce sirdin soso na ragwaye ne, shi na fata zai saya ya hore shi da kansa. Kwana uku ya hau, a na huɗu ya kasa zama ko a gaban keken ɗinki. Auwalu ya ce shi sirdin fata sai an sha wuyarsa, nauyi da gumi ne ke tausasa shi har ya ɗauki siffar mazaunan mai hawansa. Ɗayyabu kuwa ramamme ne kamar sillen kara. Sai ya tuna yana da taubashi mai jiki, wato ni. A majalisa kuma yana gaya musu wai bayan asuba yake fita horo, lokacin da ba kowa a titi.

Ban mayar da keken ba. Na ce tunda an mai da ni jaki, bari in ci harawar.

Na sha azaba, ba zan ɓoye ba. Sati biyu a tsaye nake cin tuwo, har Zaituna matata ta tambaye ni ko maruru ne. Kullum ina shafa wa fatar man kaɗanya ta ƙasa, kuma da wandon aiki nake hawa, wanda ya sha baban rini har ya gaji. A sati na shida sirdin ya sallama. Ya yi gurbi biyu daidai ni, in na zauna kamar na dawo gida. Jan nan ya koma baƙi. Na rantse a raina ba mai raba ni da shi.

Sai ga Ɗayyabu ranar wata Asabar da safe, cikin farar shadda mai sitati, wai za shi ɗaurin auren ɗan Malam Mikail, shugaban majalisarsu, yana son kekensa. Ya danna sirdin da yatsa, ya ji laushi, ya yi murmushi. Ya tambayi abin da ya sa ya yi baƙi, na ce haka fata take in ta horu. Ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne na san ranar zai zo, don haka da asuba na ƙara wa sirdin mai ta sama, na goga da tsumman marina.

Na bi shi a ƙafa, don ni ma an gayyace ni. Na tarar ya tara mutane yana bubbuga sirdin, yana cewa namiji shi ne mai haƙuri da zafi. Ni dai na nemi gefen tabarma na zauna. Da ya juya zai jingine keken a bango, sai kowa ya zuba wa bayansa ido. Shuni ne shimfiɗe a bayan shaddar, gida biyu, shar da shi.

Malam Mikail ya gyara tabarau, ya duba da kyau.

"Malam Ɗayyabu, yaushe ka koma rini?"

Ɗayyabu ya janyo rigar ya leƙa. Ya dubi sirdin, ya dube ni. Duk majalisar ma ni suka duba, daga hannuwana masu shuni har inda nake zaune, na cinye rabin tabarma.

"Ashafa, Allah ya isa," ya ce mini a hankali.

Na ce, "Ɗan gwaggo, ni da na yi sati biyu ina cin tuwo a tsaye ban ce haka ba."

A tsaye ya yi fatiha, bayansa manne da bango.

Washegari Auwalu ya kawo mini sirdin a leda, ya ce mai shi ya sa an cire, wai ba ya son ganinsa. Na soso aka ɗaura masa. Na sa Auwalu ya tayar da tsohon kekena ya ɗaura mini nawa. A ƙasan ledar kuma ga shaddar a naɗe, babu saƙo. Na gane. Na tsoma ta a karofi, wato ramin rini, sau bakwai, ta fito shuɗiya gaba ɗaya, kuma ta fi yi masa kyau.