Kwalbar da Ta Yi Duhu

Ni dai ƙwayoyin cuta sun san ni. Kwalara ta kwantar da ni ina saurayi, na tashi. Taifot ta zo, ta ga ba wurin zama, ta kama gabanta. Ban taɓa zama a aji ba, amma na tsufa a kan sitiyarin babbar mota ban taɓa kifar da ita ba. Kuma ni na haifi Auta, wadda yau ƙwayoyin nan suke yi wa leburanci.

Aikinta a kan kwamfuta yake. Ta ce a cikin kowace ƙwaya akwai hanyoyi birjik da abinci ke bi, kamar titunan gari. Sai ta zana su, kwamfutar ta yi ta gwada toshe wannan da wancan, har ta gano waɗanda in an rufe su, ƙwayar ba ta da mafita sai ta bi ta inda za ta haɗa sinadarin wani magani.

"Shingen hanya ke nan," na ce. "Wannan ai na girmi kwamfutar a kansa." Na shiga ba ta labarin ranar da gada ta karye a gabana, shi ya sa ban ji ƙarshen bayanin ba.

Matsalar ita ce, kwamfuta kan ce ƙwayar za ta rayu, a haɗa ta a ɗakin gwaji, ta ƙi. Farfesa, shugabar wurin, ta ce wannan ne gwaji na ƙarshe. In bai yi ba a rufe aikin, Auta ta tafi wani kamfani a gari mai nisa da ke nemanta, ni kuma a mayar da ni gidan yayanta, inda matarsa ke auna min sukari da ƙaramin cokali.

Ranar dubawa da safe Auta ta ce in raka ta ɗakin gwajin. Aka sa min farar riga, ta yi min kyau fiye da masu ita. Akwai wata na'ura mai murfin gilashi da ke ta jijjiga kwalabe a jere. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi ƙarasawa.

"Baba, tsoro nake ji. Leƙa min, amma kada ka taɓa komai."

"Mutumin da ya kalli kwalara ido da ido zai ji tsoron kwalba?"

Na leƙa. Ruwan kwalaben garau, har kana hango bayansu. Ɗaya ce kawai a can lungu ta yi duhu, irin ruwan da ya kusa aika ni lahira. Na ce a raina wannan ba sai ta ji ba, kada ta ɓata mata rana.

"Albishirinki. Tas suke, ko jariri a ba shi ya sha."

Sai na ga ta sulale ta zauna a kan kujera. Dogo, abokin aikinta, ya sunkuyar da kai.

"Duka, Baba?" ta tambaya a hankali.

"To, tunda kin matsa, ɗaya ta lalace. Ba ni ita in zubar, ba wanda zai sani."

Ta ɗago. "Ta lalace yaya?"

"Ta yi duhu, kamar ruwan kududdufi."

Ban san 'yata na da gudu ba sai ranar. Ta manna goshi a gilashin tana dariya, hawaye na zuba. Dogo ya ce, "Baba, duhun nan ai su ne. Sun ci, sun hayayyafa. Garau ɗin su ne matattu."

"Na sani mana," na ce. "Gwada ku nake."

"Kai da za ka zubar?" in ji Auta.

"Amma wa ya fara ganinta?"

Suka ɗebi ɗan kaɗan suka sa a wata na'urar, muka zauna jira, ina ba Dogo labarin taifot. Kafin in kai inda likita ya sara min, allon na'urar ya nuna sinadarin yana ciki. Aka kira Farfesa, ta duba, ta sake dubawa, ta ce aiki zai ci gaba.

A hanyar gida Auta ta buga wa kamfanin nan waya ta ce su nemi wata. Na ce ta miƙo min su in ƙara musu bayani, ta ƙi.