Ban Da Hatsi

Kwaɓin ya sake wargajewa a hannun Mai Kek. Ta tattara shi, ta danna da tafin hannu, ya tsage ta gefe. Garin kwakwa da na gyaɗa ba su san zumunci ba, ko ƙwai nawa ka fasa musu kowa harkar gabansa yake yi.

Har yanzu Mai Kek maƙwabta ke kiranta, alhali rabonta da gasa kek na sayarwa tun ranar da likita ya gano abin da ke cin hanjin 'yarta. Ya yi dogon bayani, ma'aikaciyar jinya ta taƙaita mata shi: ban da hatsi, ko ƙurarsa. A ranar ta kyautar da buhun fulawarta, ta wanke kicin sama da ƙasa, masu sayen kek suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wannan duk bai dame ta kamar maganar gobe ba. Malamar ajin yarinyar ta ce gobe kowa ya zo da abin taɓawa a ci tare, yarinyar kuwa abu guda ta roƙa: biskit mai kirfa da za ta ci a cikin 'yan ajinsu kamar kowa, maimakon ta koma gefe da ayabarta.

"Wannan kwaɓi ne ko yashi?" in ji Yaya, babbar yayarta, wadda ta zo musu kwana biyu. Tana zaune a bakin ƙofar kicin tana kallo. "Ke dai kin iya ɗora wa kanki wahala. Mu da muka tashi muna cin duk abin da aka ba mu, ba ga mu nan ba?"

"Yaya, ban da hatsi aka ce. In ta ci, kwana take tana murƙususu."

"Na ji. Tun da na sauka kike karanta min. Lokacin tashinsu daga makaranta ya yi, je ki ɗauko Tsuntsuwa, ni zan ƙarasa miki."

Tsuntsuwa take ce wa yarinyar saboda ramarta da ƙarancin cinta. Mai Kek ba ta son sunan, amma ba a gyara wa Yaya magana. Ta tuna babu ko cokalin fulawa a gidan, ta wanke hannu ta fita.

Da suka dawo, tun daga matakala ƙamshin kirfa ya tare su. A kan tebur ga faranti cike da biskit, zagaye, jajaye, ko ɗaya bai karye ba. Mai Kek ta ji daɗi, ta kuma ji haushi, don ta yi watanni tana fama ba ta taɓa fitar da irinsa ba. Yarinyar ta yar da jaka ta kai hannu.

"A hankali, da zafi," in ji uwar, ta wuce ɗaki ta ajiye mayafi.

Da ta dawo ta ɗauki guda ta karya. Bai zube ba. Ta kai baki, tauna biyu ta yi gabanta ya faɗi. Harshen da ya yi shekaru a cikin fulawa ba ya manta ta.

"Yaya, me kika sa?"

"Hannu na sa, wanda ke kika rasa."

"Me kika sa a cikin kwaɓin?"

"'Yar fulawa na karɓo wajen maƙwabciyarku, ludayi guda. Ba ga shi ya kama jikinsa ba?"

"Fulawa."

"To me? Hatsi kika ce. Gero na sa ko dawa?"

"Fulawa alkama ce, Yaya."

"Alkama dai. Je ki kasuwa ki ce a auna miki hatsi, ki ga ko alkama za a ba ki."

Mai Kek ta dubi guntun da ke hannunta. Abin takaicin, Yaya ba ƙarya ta yi ba. A gidan da suka tashi, in an ce hatsi gero da dawa ake nufi. Ita kuma ta yi ta nanata kalmar da aka ba ta a asibiti, ba ta taɓa cewa fulawa ba, don a wurinta fulawa ce ta farko a cikin hatsi, ba ta zaci sai an faɗa ba. Amma in Yaya ba ta ga laifi a ciki ba, me ya sa sai da ta ga fitarta sannan ta je karɓo fulawar? Ta dubi fuskar yayarta tana neman nadama, ba ta samu ba. Abin da ta gani fuskar mai jiran a gode mata ce. Ta ajiye guntun a kan tebur, ba ta ɗaga mata murya ba, don ita ce ƙarama.

Yarinyar na tsaye jikin firji. Ta cinye guda, rabin na biyu na hannunta, garin kirfa a gefen bakinta. Ta ji komai, kuma ta fi su duka sanin abin da ke tafe: kumburin ciki, murɗa, zaryar banɗaki.

"Mama, ba zan je makaranta gobe ba, ko?"

"Ba za ki iya ba."

"Ku bari ku gani mana," in ji Yaya. "Ƙila ma ba abin da zai same ta."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta daɗe da wuce kuka a kan abinci. Ta juya guntun a hannunta, ta shinshina shi.

"Mama, tunda dai cikin zai yi ciwo ko na ci ko ban ci ba, in cinye? Ban taɓa cin mai daɗi irin wannan ba."

Mai Kek ta buɗe baki za ta ce a'a. Ta san abin da likita zai ce, ta san kowace loma ƙarin ciwo ce. Ta dubi siraran yatsun da suka riƙe guntun gam.

"Cinye," ta ce.

Ta juya baya don kada ta gani, ta ɗora ruwan da za ta gasa mata ciki da shi.