Gyaran Kifi

Nafisa ta goge man kifi a zanenta, ta sake danna wayar. Kuɗin ya ƙara hawa.

"Kai! Wannan wace irin sata ce da rana tsaka?"

Gobe za a nuna wani fim a Maradi, sau ɗaya tak. A bakin tabkin Madarumfa aka ɗauke shi, kuma babanta na ciki, yana jan koma, kafin rasuwarsa bara. Inna, mahaifiyarta, ba ta da ko hotonsa ɗaya. Nafisa ta yi mata alkawarin za su je tare, tike na shiga kuwa sai ta waya ake saye.

A shafin farko jika-jika aka ce kowane tike, jika biyun ta zuba a wayar cif. Tana dannawa sai ga kuɗin riƙe kujera. Ta ƙara, ga kuɗin hidima. Wace hidima, jama'a? Ita ke dannawa, kredinta ke ƙonewa! A ƙasa kuma an rubuta kujeru sun kusa ƙarewa.

Hamisu direba, wanda kullum nan yake cin soyayyen kifi, ya leƙo. "Nafisa, da wa kike faɗa?"

"Da mutanen da ba su da fuska, Malam Hamisu. Ni idan ka sayi kifi na ɗora maka gyara. Su kuwa kansu suke yi wa gyara daga aljihuna. Yanzu tike ɗaya kawai kuɗin zai saya. Inna ba ta shiga ita kaɗai, na san ta."

Ta juya tana juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Kunya ta kama ta.

Hamisu ya sayi na dala ɗari. Hannunta ya ɗora gyara kamar kullum. Hamisu ya ɗauki ɗan kifin, ya mayar cikin faranti.

"Yau ki sayar da shi."

"Haba, Malam Hamisu, ba a mayar da gyara."

"Yau an mayar. Babanki ya sha ƙetarar da ni tabki kyauta."

Amina mai tumatir tana ji daga rumfarta. Da ta zo saye, ita ma ta mayar. Zance ya zaga rumfuna. Kafin la'asar gefen farantin ya cika da 'yan kifaye, wani ma ya sayi gyaran da shi ya mayar, ana ta yi masa dariya.

Da aka saye su duka, Nafisa ta ruga shagon tura kuɗi, rezon waya na wasa da ita. Can wayar ta yi ƙara. Kujeru biyu.

A gida ta tarar Inna ta riga ta fito da mayafin salla daga akwati.

"An samu?"

"An samu, Inna."

"Sun yi miki ragi?"

Nafisa ta yi dariya har da hawaye. "Su? Kasuwa ce ta biya."

Inna ta shafa mayafin. "To, Allah Ya sa kujerar gaba ce. Kin san idona, ina so in gan shi sosai."