Layin da Ba a Tambaya

Vernetta Gaskin ta riga ta karya kan motarta zuwa dama lokacin da Dikin Mabry, ɗaya daga cikin dattawan coci, ya hango ta, ya taho da sassarfa yana kaɗa mata hannu ta yi hagu. Ba laifinsa ba ne. Shekara talatin da ɗoriya, duk taron da za a yi a cocin New Gilgal na birnin Memphis, tsohuwar motar nan tata Buick mai ruwan ƙasa abinci take kawowa. Yau kuwa hagu ne layin masu kawo wa 'yan aiki abinci. Dama na masu kawo bindiga ne.

Ta sauke gilashi, zafin watan Agusta ya faɗo cikin motar.

"Sista Gaskin, can, can! Kicin na hagu."

"Na san inda kicin yake, Dikin. Ni na zaɓi fentinsa. Nan zan bi."

Dikin ya dubi allon da ke bakin layin, ya dube ta, ya dubi mijinta Lucius da ke zaune a gefe cikin farar riga da malafa, hannuwansa bisa gwiwa. Tambaya ta zo masa har leɓe, sai ya tuna. Mako uku Fasto yana jan kunne daga kan bagade: mutum ya zo da bindigarsa a but ɗin bayan mota, ba harsashi a ciki, ya zauna cikin motarsa, 'yan sanda su buɗe su ɗauka, a miƙa masa katin cefane, ya kama gabansa. Ba a rubuta suna, ba a yi masa tambaya ko guda. Duk ɗan aikin da ya kuskura ya yi tambaya, in ji Fasto, zai ji sunansa cikin wa'azin Lahadi.

Dikin ya haɗiye abarsa da ƙyar, kamar mai shan ƙwaya ba ruwa. "Ubangiji ya yi albarka," ya ce, ya matsa gefe.

Mota tara ce a gabansu. Vernetta ta ɗaga gilashi, ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Netta," in ji Lucius, "kin ce kifi za mu ci."

"Za mu ci. Layi ne."

"Ni ban taɓa ganin an bi layin tarwaɗa da ɗan sanda ba."

"Tarwaɗar bana ta yi tsada."

Ya gyaɗa kai, alamar maganar ta shige shi. Ita kuwa ta ji kunya ta rufe ta, domin a shekara arba'in da shida na aurensu ba ta taɓa yi masa ƙaryar da ta wuce ta kuɗin hula ba.

Lucius shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a unguwar. Ya san lambar kowane gida, ya san sunan kowane kare da irin halinsa. Tun bara abubuwa suka fara zame masa. Makulli a firji, sunan surukinsu ya ɓace masa tsakiyar gaisuwa, wata rana ya sa rigar aikinsa ta da ya tsaya bakin ƙofa yana jiran motar wasiƙu. Vernetta ta rufe wannan duka, ba ta gaya wa kowa ba. A coci har yanzu shi ke zagayawa da farantin baiko, ƙafarsa ta san hanya ko da kansa bai sani ba.

Sai ranar Talata. Ta dawo daga kanti wajen ƙarfe uku na rana, jakunkuna a hannu biyu, ta tura ƙofa da ƙugu. Yana tsaye a zaure da safa, ya tashi daga barcin rana, ƙaramar bindigar nan da ke kwana a durowar gefen gado tana hannunsa, bakinta na kallon ƙirjin Vernetta. Cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema a gidan nan?" Ba ta san inda ta samo muryar ba. Ta ce, "Lucius Gaskin, matsa min, madara za ta lalace." Ya yi ta kallonta, sannan hannunsa ya sauka a hankali. Bayan rabin sa'a yana tambayar ko akwai sauran burodin masara, bai san an yi ba.

Da ta buga wa 'yarsu Rochelle waya, da tuni an soma maganar gidan tsofaffi. Ba ta buga ba. Yau da safe yana wanka ta zazzage harsasan cikin gwangwanin kofi, ta sa bindigar cikin kwanon da take zuba kek, ta kai but. Barinsa shi kaɗai a gida ba zai yiwu ba, gaya masa ma haka. Ranar da Fasto ya fara sanar da shirin, Lucius ya ce mata a hanyar gida, "Mutum ya ba da bindigarsa a ba shi katin sayen kaza? Ba dai Lucius Gaskin ba." Abin da take roƙo kawai shi ne a ɗauke abin nan daga but ba tare da ya waiga ba.

Layi ya matsa. Daga bayan coci ana jin kukan zarto yana cin ƙarfe, inda ake yanka bindigogin kafin a kai wa maƙeri ya mai da su fartanya da shebur na lambun coci.

"Me ake yankawa?" in ji Lucius.

"Bututu."

"Bututu," ya maimaita, yana kallon gaba.

Saura mota huɗu aka ƙwanƙwasa gilashi. Vernetta ba ta buƙatar juyawa ta san ko wace ce, domin turaren ya riga ya shigo. Sista Earline Tubbs ce, shugabar zumuntar mata, da tiren ruwan sanyi a hannu. Duk abin da ya shiga kunnen Earline ranar Asabar, kafin waƙar farko ta Lahadi ya gama zaga coci har ya haura bene. Wanda ya hana wannan mata tambaya na yini guda, ya ɗora mata azumin da ya fi ƙarfinta.

"Sista Vernetta! Ɗan'uwa Lucius! Ga ruwa." Ta miƙo kwalba biyu, kanta ya biyo su cikin motar. "Ba tambaya zan yi ba."

"Madalla."

"Ni dai ina tsaye can ina cewa a raina, mace kamar Vernetta ba ta riƙe bindiga. Faɗa nake yi, ba tambaya ba."

"Na ji."

"Sai na ce, ai ta maƙwabta ce, an ba ta ta kawo. Mutanen nan na gida mai koren shinge. Tun da suka tare na ce akwai magana."

"Sista Earline, ruwanki zai yi ɗumi."

Earline ta leƙa kujerar baya, ba ta ga komai ba sai laima da littafin waƙoƙi. Ta ja numfashi, ta ajiye tiren a kan rufin motar, ta lumshe ido, ta ɗaga hannu ɗaya sama.

"Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne masanin abin da ke ɓoye. Kai ka san abin da ke cikin but ɗin nan. Ka san ko na wane ne, ka san abin da ya faru har aka kawo shi. Mu ba ma tambaya, Uba, Fasto ya hana. Amma in ka ga dama ka sa a zuciyar baiwarka ta sauke nauyin nan a kan 'yar'uwarta da ke tsaye nan cikin rana..."

"Amin!" in ji Lucius da ƙarfi, har direban motar gaba ya waigo. Ya tura malafarsa baya, ya dubi Earline da fara'a. "Sista Tubbs. Gida mai lamba ɗari huɗu da sha takwas, mai karen nan ɗan guntu. Wasiƙun nan masu ƙanshi daga Birmingham, har yanzu suna zuwa duk ranar Alhamis?"

Idon Earline ya buɗe. "Ɗan'uwa Lucius, ba a tambaya a nan!"

"'Yan aiki aka hana. Mu baƙi ne."

Earline ta suri tirenta, kwalba biyu suka gangara ƙasa, ba ta tsaya ɗauka ba. Vernetta ta kifa goshi a kan sitiyari tana dariya har da hawaye, rabonta da dariya tun ranar Talata.

"Wane ne a Birmingham?" ta ce.

"Mai raba wasiƙu ba ya faɗa." Ya buɗe ruwansa ya kurɓa. Can kuma ya dubi kwalbar, ya dubi tagar, ya ce, "Wannan matar da ta tafi, 'yar cocinmu ce?"

Dariyar ta ɗauke mata. "'Yar cocinmu ce," ta ce.

Suka iso ƙarƙashin rumfa. Wata 'yar sanda doguwa, sunanta Holloway a rubuce a ƙirji, ta sunkuyo wajen taga.

"Ina kwana, Mama. Ina kwana, Baba. A buɗe min but, kada kowa ya fito."

Vernetta ta murɗa rediyo, mawaƙan bishara suka cika motar. Ta karkata wajen 'yar sandan, ta yi ƙasa da murya. "Cikin kwanon kek, 'yata. Kwanon nawa ne, ina son abina."

"An gama, Mama."

Murfin but ya tashi ya rufe madubi. Vernetta ta ƙura wa Lucius ido ta gefe. Yana bin waƙar da yatsa a kan gwiwa, bai waiga ba. Ta fara ƙirga numfashinta. Ɗaukar kwano ɗaya ai ba ya cin lokaci haka. Ta ji ana jan wani abu, ta ji 'yar sandan ta kira abokin aikinta, ta ji namiji ya yi fito.

Holloway ta dawo da kwanon a hannu ɗaya, kati biyu a ɗayan.

"Ga kwanonki, Mama. Ga na ƙaramar, ga na doguwar."

"Guda ɗaya ce."

"Biyu ne, Mama."

"'Yata, ni na saka ta da hannuna. Ɗaya ce."

"Doguwar na can ƙurya, bayan tayar safaya, an naɗe ta da labulen wanka. Ba harsashi, an share ta tas, har da mai."

Aka rufe but. A madubi Vernetta ta ga ɗayan ɗan sandan yana tafiya da ita a hannu biyu: doguwar bindigar farauta mai baki biyu, an ɗaure ƙotarta da waya. Ta san ta. Ta mahaifin Lucius ce, wadda ya taho da ita daga gonarsu ta Mississippi, wadda ya rantse mata ya sayar tun Rochelle na firamare. Ta kuma gane labulen, wanda ta yi kwana uku tana nema.

Ta kashe rediyo.

"Lucius."

"A saman rufin gareji take," ya ce, bai dube ta ba. "Shekara nawa ban sani ba. Ƙarya na yi miki, ki rubuta a littafinki."

"Yaushe ka saka ta?"

"Sau uku na saka. Sau biyu ina zuwa in tarar da bindigar Baba a but, in ce wane ɗan iska ne ya kawo ta nan, in mayar da ita sama. Tsanin nan ya kusa kashe ni." Ya cire malafar ya ɗora a cinya, yana juya ta. "Ban san ko wace rana ce ba, Netta. Abu da yawa ya tafi. Amma jakunkuna a hannunki, da yadda kika dube ni, wannan ya ƙi tafiya. Yana zuwa yana komawa."

Tausayinsa da sonsa suka taru suka danne mata ƙirji, har ta rasa wanda ya fi nauyi. Motar baya ta yi ɗan oda cikin ladabi, irin na harabar coci.

"Da ka gaya min," ta ce.

"Da ke kin gaya min. Tarwaɗa ta yi tsada!" Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu. Zarto ya sake tashi a bayan coci, kafaɗunsa suka motsa. Ya dafa hannunta da ke kan giya. "Ja motar nan. Yanzu na san dalili. Anjima ba lallai in sani ba, kuma kin san ni da taurin kai, sai in fita in ce a ba ni kayana."

Vernetta Gaskin, wadda ta sa aka kafa allon "A tafi a hankali" a harabar cocin da kanta, ta sa giya ta taka mai. Dikin Mabry ya yi tsalle gefe ya riƙe hularsa, ita kuwa ba ta ɗaga ƙafa ba sai da kukan zarton ya daina iso su.